Inda Hannun Mama Ya Saba

Babanmu mai gyaran famfo ne, ko in ce ya taɓa zama, don ya ajiye aikin tun ina sakandare. Har yau 'yan layinmu Injiniya suke kiransa, shi kuma bai taɓa cewa ba sunansa ba ne. Mutum ne da ba ya iya ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi. Fankar falonmu ta sha kwancewa ba don ta lalace ba, sai don wai ya ji wata 'yar ƙara da duk gidan babu wanda ya ji sai shi. Mama takan ce da ana kwance mutum a mayar, da tuni ya kwance mu ɗaya bayan ɗaya ya ga abin da ke hana mu jin magana.

Kwamfuta ta shigo gidanmu ne da tsufanta. Babban wanmu ne ya ajiye ta da zai tashi zuwa wani gari, irin ta tebur ɗin nan mai ƙaton allo, ya ce ta gama yayi, a ba yara su yi wasa. Baba ya ce babu yaron da zai taɓa ta. Ya ɗora ta a kan teburin da ke jikin taga, ya kunna, ya zauna yana kallon yadda take jan ƙafa kafin ta buɗe. Ni da na san halinsa, tun a ranar na tausaya mata.

Amininsa Mai Agogo, wanda ke da 'yar rumfar gyaran agogo a bakin titi, shi ya fara yi masa maganar Linux. Ya ce manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, kyauta ake sauke ta, kuma tsohuwar na'ura ba ta yi mata nauyi. Abin da Mai Agogo bai hango ba shi ne Linux ba iri ɗaya ba ce. Akwai Mint, akwai Ubuntu, akwai Fedora, akwai Debian, akwai wasu da ko sunansu ban iya faɗa ba. Baba ya bayyana mini da yaren sana'arsa: inji ɗaya ne, jiki ne kowa da nasa. Mutumin da ke kwance fanka mai lafiya aka nuna wa wannan. An dai ba kura ajiyar nama.

Daga nan kwamfutar ba ta sake samun sukuni ba. In na zo gida ranar hutun aiki na tarar da allon kore, wani zuwan sai in tarar da shi shuɗi, agogon da ke ƙasa ya koma sama. Kowane sabon iri da irin rigimar da yake jawo wa kansa, don ba ya sa shi ya bar shi yadda ya zo, sai ya taɓa nan ya taɓa can. Yau sauti ya ɗauke. Gobe firinta ta ƙi ko motsi. Jibi intanet tana nan a waya amma kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Wani zai yi tsaki, Baba kuwa sai ka ga fuskarsa ta washe. Zai gyara zaman tabarau, ya buɗe baƙin akwatin nan da ake rubuta umarni a ciki, ya shiga karanta abin da mutanen duniya suka rubuta a kan irin matsalar, yana bin layi da yatsa. In sautin ya dawo, sai ya ƙure lasifika don maƙwabta su shaida.

Mai Agogo tun da ya sa Debian bai sake waiwayar wata ba. A kan bencin rumfarsa suke musu.

"Injiniya, kai fa ba matsala kake gudu ba, nemanta kake yi."

"Kai kuma ka zauna wuri ɗaya har gizo ya yi maka saƙa. Tsohuwar mota ma ana canza mata mai."

"Ana canza mata mai, ba a canza mata sitiyari kullum."

Haka za su yi ta yi har wani ya kawo agogo, ko Mama ta aika a ce shayinsa ya huce.

Duk wannan abin dariya ne a wurinmu, har lokacin da idon Mama ya fara rauni. Ya fara da zare da allura, ya koma rubutun jikin kwalin magani, ya kai ga sai mutum ya yi magana take tabbatar da wanda ya shigo. Likita ya faɗa mana gaskiya: za a iya rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma zai ci gaba da tafiya. Mama ta ce to, ta gyara mayafinta, muka dawo gida. Mace ce da ba ta son a yi mata abu. Ko ruwa ka miƙa mata sai ta ce ai da ta tashi da kanta.

Abu ɗaya ne ya dame ta, shi ne Inna, yayarta. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Inna tana can wani gari mai nisa, ƙafa ta kwantar da ita ba ta iya tafiya, kuma kullum da safe sukan kira juna a ga juna. Yanzu fuskar Inna a waya ta zama ɗan tabo a wurin Mama. A babban allon kwamfuta ne kawai take iya ganin ta, ko da dishi-dishi ne, har ta gane in tana murmushi ko ta rame.

A nan Baba ya yi abin da har gobe nake yaba masa. A lokacin Mint ce a kan kwamfutar. Ya ƙara girman komai, ya ajiye alamar kiran Inna ƙatuwa a gefen hagu, ya saita ta yadda dannawa ɗaya ta isa. Mama ba ta ganin 'yar kibiyar da ke yawo a allo, don haka ta ƙirƙiro dabararta. Sai ta ja linzamin, wato abin da ake motsa kibiyar da shi, ta yi ƙasa da shi, ta tura shi hagu har ta tabbata kibiyar ta ƙure a kusurwa ba ta da wurin zuwa, sannan ta ɗan turo shi sama kaɗan, gwargwadon da hannunta ya sani, ta danna. Sai ga Inna ta cika allo. Mama ba ta kiran kowa ya taimaka mata, ba ta jiran kowa. Wannan ne abu na ƙarshe mai wuya da take yi da kanta, kuma tana ji da shi.

Baba ya daure ya bar kwamfutar yadda take har na wasu watanni. Mai Agogo ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Amma hali zanen dutse ne. Ya karanta labarin wani iri da aka ce yana da gilashin ƙara girma mai kyau, da murya mai karanta wa mutum abin da ke allo. A ransa kyauta zai yi wa Mama. Ranar da na kai ta asibiti a duba idon, ya kwashe hotuna da takardu tsaf ya adana, ya share tsohuwar, ya sa sabuwar, ya mayar da komai. Ko hoto ɗaya bai ɓata ba, kuma ya faɗa mana haka tun daga bakin ƙofa.

"Zo ki gani," ya ce wa Mama, yana jan kujera. "Wannan har magana take yi. Ki danna nan sama, sai ki zaɓi wannan, sai wannan. Kin ga? Sauƙi kamar me."

Mama ta kalli wajen da yatsansa yake, ta ce, "Madalla. Sannu da ƙoƙari, Malam."

Ni ma da nake tsaye a wurin ban ga komai ba. Na ce ta yi kyau, na ɗauki jakata na tafi.

Washegari ta kira shi ya buɗe mata. Kashegari ma haka. Daga nan ta daina. In ya tambaya, sai ta ce Yaya ba ta jin daɗi yau, ko ta ce sun riga sun gaisa a waya. Baba ya yarda, don shi a lissafinsa ya gama aiki, kuma aikin ya yi kyau.

Inna ce ta kira ni ina wurin aiki. Bayan gaisuwa ta ce, "Auta, ki faɗa mini gaskiya. Idon uwarki ne ya ƙarasa ake ɓoye mini, ko laifi na yi mata? Murya kawai nake ji yanzu, ita ma a gurguje."

Na ce mata babu ko ɗaya, alhali ban sani ba.

Na yi sammako na je gida. Na tarar da Baba a tsakar gida ya kwance kan famfon wanki, wanda na tabbata lafiyarsa ƙalau. Na faɗa masa abin da Inna ta ce. Ya goge hannu muka nufi falo tare, ni da niyyar in tambayi Mama, amma a bakin ƙofa muka tsaya.

Tana zaune gaban kwamfutar, bayanta gare mu. Ta ja linzamin ƙasa, ta tura shi hagu, ta ɗan turo shi sama, ta danna. Babu komai a wurin sai hoton tsauni da ke shimfiɗe a allon. Ta jira. Ta sake yi, a hankali wannan karon, kamar ita ce ta yi kuskure. Da ta gwada can sama inda Baba ya nuna mata, sai komai na allon ya watse ya zama ƙananan akwatuna, muryar nan ta shiga karanto wasu sunaye. Ta saki linzamin da sauri, ta ɗora hannayenta a cinya.

Na ji haushin Baba a lokacin, haushi na gaske, har na juya zan yi magana. Da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Ban taɓa ganin sa haka ba.

Mama ta ji motsinmu, ta ja gefen mayafinta ta hau goge tebur. "Wa ke nan? Teburin nan nake ɗan gogewa."

"Ni ne," in ji Baba. "Da Auta." Ya matso ya tsaya kusa da kujerarta. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In ce me? Ka sha wahala a kai, kuma don ni ka yi." Ta ci gaba da goge wurin da ta riga ta goge. "Na ce ko hannun ne zai saba. Ya ƙi."

Baba ya ɗauko filas ɗinsa, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a sa mata manhaja, ya jawo wata kujera, ya fara mayar da Mint. Ba ƙaramin lokaci ya ɗauka ba, kuma a tsawon lokacin bai yi mana bayanin komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Da aka zo ajiye alamar kiran Inna sai ya tsaya. Ya san a hagu take, amma daidai ina, ya manta. Ya sa ta a wani wuri, ya matsar, ya sake matsarwa.

"Kawo," Mama ta ce.

Ta karɓi linzamin, ta yi yadda ta saba, kibiyar ta je ta tsaya. Ta ce, "Nan." Baba ya jawo alamar ya ajiye ta a ƙarƙashin kibiyar.

Na zaci an gama, sai ya buɗe wani wuri ya turo mata kibod. Ya ce a Linux ba a yin wani babban canji sai an rubuta kalmar sirri, kuma tasa ce a kai tun farko. Yanzu yana so ta sa tata. Kunnawa ta kullum ba za ta tambaye ta ba, amma duk ranar da yake so ya taɓa wani abu, dole ya zo ya roƙe ta.

"Kar ki faɗa mini, ko na yi magiya. Kar ki faɗa wa Auta, bakinta ba ya riƙe magana."

Na san da filas zai iya share komai ba tare da wata kalma ba, shi ma ya sani. Amma na gane alkawari yake ɗauka, kuma da irin yaren da ya iya yake ɗaukarsa.

Ya tashi ya juya fuskarsa ga bango, ya harɗe hannuwa a baya. Ni ma Mama ta sa na juya. Muka ji tana laluben maɓallan, tana danna ɗaya, ta daɗe, ta danna wani. Sau biyu ake rubutawa, kuma na farko da na biyu suka ƙi zama daidai, kwamfutar ta yi 'yar ƙara. Na saci kallon Baba. Yatsunsa suna motsi a bayansa, amma bai juya ba. Ta sake daga farko. Wannan karon babu ƙara.

"In juyo?" ya tambaya.

"Tsaya tukuna."

Muka ji linzamin yana gogar tebur, sai dannawa ɗaya, sai ƙarar kira. Aka ɗauka.

"Ke!" muryar Inna ta cika falon. "Ina kika shiga?"

"Ina nan, Yaya. Matso kusa da kyamarar, ba na ganin ki sosai. Ƙara matsowa. Yauwa, tsaya haka. Kin rame."

Baba yana nan fuskarsa ga bango. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, bai mayar da shi ba har suka gama gaisawa.