Ranar da Aka Ɗaure wa Kwamfuta Fanka da Robar Tayar Keke

Ko da zan manta layin da muka zauna a Samaru, ba zan manta bazarar da aka ɗauke wa 'yata fanka aka kai wa kwamfuta ba. Yarinyar yanzu ta girma, in na ba ta labarin dariya take yi. Ni kuwa har yau in na tuna sai na ji raina ya sosu.

Lokacin maigidana yana da ɗan shago a jikin gidan da muke haya, yana buga wa ɗaliban jami'a takardunsu. Kwamfuta ɗaya ce tal, ta hannu, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, kuma da ita muke ci. Da zafi ya kankama sai ta tsiri wata ɗabi'a: ana tsakiyar aiki ta yi gurnani kamar injin markaɗe, ɗif ta mutu. Aka ce ƙaramar fankar da ke zaune a kan ƙwaƙwalwarta, abin da suke kira furosesa, ita ce ta gaji. Maganin da aka samo shi ne a cire murfin akwatin, a ɗauko fankar tsaye ta ɗakinmu a kafa mata. Fanka ɗaya gare mu. 'Yata kuwa ko zama ba ta fara ba, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da gadon baya, tana ta murza jiki a tabarma tana kuka. Ga ni haihuwar fari, komai tsoro yake ba ni. Ina yi mata fifita har hannuna ya sage, ina jiyo fankarmu ta bango tana hura wa ƙarfe iska.

Wanda ya kawo wannan dabara wani abokin maigidan ne da ake kira Injiniya. Ban san wanda ya naɗa shi ba. Abin da na sani, ya shiga jami'a tun kafin a yi aurena kuma bai fito ba, kullum da sukuddireba maƙale a aljihun gaba kamar biro. Ba ya iya ƙarasa magana sai ya yayyafa mata Turanci, shi kuwa maigidana, bawan Allah, da ya ji Turanci sai ya saki jiki.

Ranar da za su shiga Sabon Gari sayen sabuwar fankar kwamfutar na bi su, don ina son in nuna yarinyar a kemis. Za mu fita na hangi tsohuwar ƙaramar fankar da aka cire a kan tebur, na ce, “Malam, ba za a tafi da wannan ba? Ni ko murfin tukunya zan saya sai na auna bakinta.”

Injiniya ya yi wani murmushi ya ce, “Madam, wannan ba cefane ba ne. Komai yana kaina.”

Na gyara goyona.

Mai shagon da muka shiga wani Ibo ne da ya daɗe a Zariya, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Tambayarsa ta farko ita ce wace irin furosesa ce, kuma ina tsohuwar fankar. Injiniya bai amsa ba, sai ya ce a fito masa da duk waɗanda ake da su. Aka jera a kan kanta. Wallahi yadda nake zaɓen kankana haka ya yi. Ya ɗaga wannan ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa waccan, ya sa a jona wata ya kara fuskarsa ya lumshe ido yana shan iska. Can aka jona wata ƙatuwa mai haƙarƙarin ƙarfe tsibi guda, da ta fara juyawa sai ga shuɗiyar fitila ta haske kantar. Ina ganin idon maigidana na san an gama.

Mai shagon ya ce, “Oga, wannan ta sababbin inji ce, ƙafafunta daban. In taku tsohuwa ce ba za ta zauna ba. Kuma in ka yage kwali babu dawowa.”

Injiniya ya ce, “Kai dai sayarwa ka sani. Babbar fanka, babban sanyi. Naɗe mana.”

Mutumin ya kalle ni da goyona, ya kalle su, ya naɗe.

Muka dawo gida, aka kwantar da akwatin. Aka juya fanka gabas, aka juya ta yamma, ƙafafunta suna neman ramukan da babu su. Injiniya ya yi gumi har ya cire riga. Duk mai hankali a nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya tsallaka titi wajen mai faci, ya dawo da tsagaggiyar robar tayar keke, irin wadda ake ɗaure itace da ita a bayan babur. Ya zagaya, ya ja, ya ƙulle. Sannan ya ce a miƙar da akwatin a ɗora a tebur, don masu shigowa su riƙa ganin fitilar. Aka kunna, ta tashi. Ɗalibai biyu da ke jira suka yi ta yabawa, Injiniya yana ta bayani hannu a ƙugu.

Ni ban damu da fitila ba, fankata na ɗauko. Na shafa wa yarinyar hoda, na kwantar da ita rub da ciki, iska na kaɗa mata baya. A karon farko cikin wannan bazara ta yi barcin rana har da sakin baki. Na zauna ina kallonta, ko tsintsiya na ƙi taɓawa.

Kafin la'asar na fara jin ƙaurin roba. Sai wani ƙwas, sai shiru, sai muryar wata ɗaliba tana salati. Robar ta sha zafi ta saki, ƙatuwar fankar ta zame ta rataye, kwamfuta ta mutu da aikin baiwar Allah da ba a adana ba. Sai ga maigida ya ɗaga labule, ko kallonmu bai yi ba, ya nufi soket zai zare fankarmu.

Ban san sanda na riga shi kama wayar ba. Ni da ko ɗaga masa murya ban taɓa yi ba. Na ce, “Malam, zo ka gani.” Na yaye rigar yarinyar. Bayan nan jajir, wasu ƙurajen har sun fara ruwa. Na ce, “Waccan in ta mutu ana sake kunna ta. Fankar nan ba inda za ta.”

Ya tsaya ya daɗe yana kallo, kamar ranar ya fara ganin bayan 'yarsa.

Daga bakin ƙofa Injiniya ya ce, “Madam, na ɗan lokaci ne kawai, kafin in yi wani setin.”

Na ɗauki maficina na miƙa wa maigida, na ce, “Ba Injiniya wannan. Ya je ya yi mata fifita, ni na yi nawa.”

Maigida ya karɓa, ya fita ya danƙa masa a hannu. Nan take Injiniya ya tuna yana da lacca.

Washegari maigida ya sa tsohuwar fankar a leda, ya shiga Sabon Gari shi kaɗai. Ya dawo da wata 'yar baƙa, ba fitila ba kwalliya, ya danna ta ta yi ƙas ta zauna. Aka mayar da murfi, ya sake buga wa ɗalibar aikinta. Kwamfutar ba ta ƙara mutuwa don zafi ba har muka rabu da ita. Ƙatuwar kuwa, tunda babu mayarwa, ya jona mata tsohon batirin babur ya kafa ta nesa kaɗan da shimfiɗar yarinya. In an ɗauke wuta ita ke yi mana aiki, yarinyar tana bin shuɗiyar fitilar da ido har barci ya kwashe ta. Wannan ne kaɗai amfanin da muka taɓa ci daga ilimin Injiniya, shi ma ba da niyyarsa ba.

Tun daga ranar na daina yarda da mai zaɓen kaya bai tambayi inda za su zauna ba, komai yawan Turancinsa. Na kuma gane cewa a gida duk abin da ya fi ƙara shi ake fara dubawa, jariri kuwa kuka kawai ya iya. In uwarsa ba ta buɗe baki ba, har ƙarfe sai ya riga shi samun iska.