Sankarau Ya Tafi Min Da Kunne Ɗaya

Wata safiya cikin zafin bana na buɗe ido a gadon asibiti nan Matameye, na ga bakin Inna yana motsi. Tana tsaye a kaina, tana magana, tana shafa goshina. Ban ji komai ba. Na dubi ƙofa, ga majo, ma'aikacin jinya, yana turo keken magani mai karkatacciyar ƙafa. Irin wannan ƙafar dole ta yi ƙara. Ba ta yi ba.

Nan na san kunnena ya tafi.

Salamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ga na sa komai a shafin nan ba. Wasu sun rubuto, "Sani mai ɗaukar sauti, ina kukan kwaɗin garkar rake? Ina ƙarar guga a rijiya?" Sankarau ne ya kwantar da ni.

Bari in faɗa muku yadda nake, don ku gane sauran. Tun ina yaro ba na iya kallon fuskar mutum, kamar kallon rana nake ji. Da murya nake sanin mutane, da jan takalminsu. Haske mai yawa yana damuna, hayaniya ma haka. In abu ya yi min yawa sai in shige ɗaki in lulluɓe kai. Ihun yara ne ya fitar da ni daga lakkol, wato makarantar boko. A unguwa wasu na cewa iska ce.

Shi ya sa da ciwon ya fara ba wanda ya gane. Na shige ɗaki na lulluɓe kai. Inna ta leƙo ta ce, "Sani, mene ne?" Na ce, "Haske." Ta ce, "To, halin naka ne ya motsa," ta sakar min labule.

Ba laifinta ba ne. Ni kaina ban san inda zan nuna in ce nan ke ciwo ba. Sai washegari da ta kawo koko ta ga na kasa sunkuyar da wuya in sha, jikina kamar garwashi. Ba mayafi ta fita neman mai moto da zai kai ni asibiti.

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. An lanƙwasa ni an ɗebi ruwa a ƙashin bayana, an sa min ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Tunkiyar Inna ta tafi a kuɗin magani. Baba ya aiko da abin da ya samu daga Legas, inda yake sayar da shayi duk rani.

Zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, aka sallame ni kurma.

Kawu Mamman ya zo dubiya, ya karɓi salulata, wato wayata, ya rubuta, "Kai da ba ka son surutu, ai ka huta!" Na san wasa yake. Amma ranar ban iya cin abinci ba.

Dole ta sa na fara kallon bakin mutane. Ashe Inna tana da wushirya. A hannunta na girma ban sani ba. Sai dai fuska ba ta gaya min komai. A murya nake gane ko ta gaji, ko ta yi kuka ta wanke ido. Na zama baƙo a gidanmu.

Baba bai iya rubutu ba, murya yake aikowa. Sai in danna, in manna salular a muƙamuƙina, in ji tana karkarwa. Iyakar abin da nake samu ke nan daga gare shi.

Aka tura mu Damagaram gwajin ji. Lokotoron, wato likitan, mace ce. Ta sa min abu a kunne, ta nuna min in ɗaga hannu in na ji ƙara. Hannuna bai tashi ba. Ta lura ba na kallonta, ta yi doguwar magana da Inna, sannan ta rubuta min: "Halin nan naka sunansa otism. Ba iska ba ce, ba kuma ciwon da za a warkar ba ne. Kunnen hagu ya mutu. Na dama mu jira, ban yi alkawari ba."

Na jira. Damina ta sauka, ina ganin ruwa yana dukan kwanon rufi, shiru.

Bayan gidanmu akwai injin niƙa. Ba abin da na tsana a duniya kamarsa, zagaye nake yi don kada in bi ta nan. Da na kurumce sai na riƙa bi kai tsaye. Wata ranar Laraba na raka Inna niƙan dawa, aka tayar da shi, sai na ji wani abu siriri can cikin kunnen dama, kamar sauro a tulu. Na matsa. Ya ƙaru. Na rungume turken rumfar injin ina kuka, na ce, "Kada a kashe!"

Yanzu kunnen dama yana ji, in an matso. Ba na gane ta inda sauti yake fitowa, kwaɗin garka kuma har yau ban ji su ba. Ina zuwa garkar da yamma in zauna, ko Allah zai sa. Saƙonnin Baba na saurare su duka. Ashe kullum da abu ɗaya yake farawa: "Sani na, ka ci abinci?"

Roƙona gare ku: in kuna da mutum irina a gida, kada ku ce komai halinsa ne. Ku taɓa jikinsa. Ku ce ya kai haɓarsa ƙirji, in ya kasa ku ruga asibiti. In an zo rigakafin sankarau ku fita.

Na gode wa Allah. Na gode wa majo da lokotoro da duk wanda ya yi min addu'a, Allah Ya saka muku da alheri.

Kawu Mamman har yau bai yarda na roƙi a bar injin niƙa a kunne ba. Na ce ya tambayi Malam Issa mai injin, da matan da ke layin niƙa ranar. Da Inna, wadda ta manta dawarta a can.