Gwadabe Mai Goge, Wanda Ya Auna Tazarar Amo da Ƙwayar Dawa

Haihuwa da Nasaba

An haifi Gwadabe a garin Kiyawa ta ƙasar Dutse a shekara ta 1879, daidai da 1296 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Malam Falalu, mai makarantar allo a garin, mahaifiyarsa kuwa Mu'minatu, 'yar gidan manoma ce.

Karatu

Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa yana da shekara goma sha huɗu, daga nan ya karanci fiƙihu da hisabi. Tun a lokacin aka lura Allah ya ba shi kunne, domin idan ɗalibai suna rera ƙasida a zaure yakan gane wanda muryarsa ta sauka ko da da ƙiris ne. A shekara ta 1898 ya fara zama wurin Baffa Ɗan'inna, wani dattijo mai haɗa goge. Da labari ya isa ga Malam Falalu, sai ya kira shi ya ce, "Na ba ka allo, ka zaɓi ƙwarya. Je ka, amma kada ka saki salla." Har malamin ya rasu bai sake ta da maganar ba.

Hijira zuwa Dutse da Aure

A shekara ta 1904, shekara guda bayan Turawa sun shiga Kano, ya koma garin Dutse da sana'arsa. A shekarar da ta biyo ya auri Fatsuma, 'yar wani majemi wanda yake kawo masa fatar guza ta rufe ƙwaryar goge. Ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa.

Awon Tazara

A kakar 1909 aka yi wani biki inda makaɗan Dutse suka haɗu da baƙin makaɗa daga Garki, kowane ɓangare yana cewa hannun ɗan'uwansa a karkace yake, har ta kai ana neman korar baƙin. Gwadabe ya nemi a ba shi kwana uku. Ya daidaita tsirkiyar gogunan duka a tsawon ƙwayar dawa ɗari da ashirin a jere, ya sa kowane makaɗi ya hau daga amon tsirkiya sake zuwa amo na uku, shi kuma yana sa alama a jikin sillen kara daidai inda yatsa ya danna.

Sai ya tarar mutanen Dutse suna dannawa tsakanin ƙwaya ashirin da uku da ashirin da biyar, ya kira wannan babbar tazara. Na Garki suna tsakanin sha tara da ashirin da ɗaya, ya kira ta ƙarama. Wasu tsofaffin makaɗa biyu kuwa, da suka shekara arba'in suna kiɗa, a kan ashirin da biyu suka tsaya, ya ce tasu tsaka-tsaki ce. Ya bayyana wa taron cewa kowace tazara tana da iyaka kamar gona, duk wanda bai tsallake kunya ta ƙarshe ba yana cikin nasa. Aka ci gaba da biki da makaɗan duka.

A shekara ta 1912 wani Bature mai rangadi ya sauka a bariki, ya saurari tazarar ukun, ya ce ta bakin tafinta babba da ƙarama kaɗai aka sani a ƙasarsu, ta tsakiyar kuskure ce, gara a daina koyar da ita. Gwadabe ya amsa, "Ranka ya daɗe, kuskure ba ya faɗa wa wuri ɗaya shekara arba'in." Bai cire ta daga awonsa ba.

Kurumta

A annobar sanƙarau ta 1921 babban ɗansa Isah ya rasu, shi ma ya kamu, ya tashi daga jinyar ba ya ji ko kaɗan. Makaɗa suka ɗauke ƙafa kusan shekara guda, suna cewa kurma ba ya ɗaura tsirkiya. Bai yi jayayya da kowa ba. Ya ci gaba da haɗa goge bisa awonsa, idan zai gwada ɗaurin sai ya ciji ƙarshen sandar gogen ya ja izga, ya ji rawar tsirkiya a haƙoransa. Wani makaɗi mai suna Muntaka ne ya fara karɓar guda ya kaɗa a kasuwar Kiyawa, daga nan sauran suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Laraba da hantsi cikin watan Rajab na 1350, wato 1931, yana da shekara hamsin da biyu. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar da ke kusa da Yalwawa. Ya bar matarsa Fatsuma da 'ya'ya huɗu: Ahmadu, da Sani, da Madina, da Safara'u. Ya kuma bar wa makaɗan ƙasar Dutse goge sittin da ɗaya da ya haɗa bayan ya kurumce, waɗanda bai taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah ya jiƙansa da rahama.