Kirinjijiya a Kwandon Wanke-wanke

Maigidana, da nake ce wa Malam, mutumin fadamar Haɗeja ne, goro ne ya kawo shi Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ya zaunar da shi. Duk shekara da damina ta kankama sai ya fara zancen kirinjijiya, agwagwar dajin nan mai farar fuska da ke tashi tana fito. Tun da ya bar gida bai ƙara ɗanɗana ta ba.

A shekarun da soja ke sa mutane bin layi a tashar mota ya yi aboki, wani tsohon Bayarabe mai bindigar toka. Baba Ode muke ce masa, wato maharbi a harshensu. Shi ya gaya masa akwai su a kogin Ona, can bayan Eleyele. Wata Lahadi suka tafi da sassafe, azahar suka dawo da guda biyu, Malam sai washe baki yake.

Na karɓa na duba wuya. Na daɗe ina sayar da tuwo daga cikin gida, kajin da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa. Abin da aka yanka da rai, jininsa yakan yi tsartuwa ya ɓata gashin ƙirji. Waɗannan kuwa fes, kamar an yanka sabulu.

"Malam, da ransu ka sa wuƙa?"

"To, ɗayar dai kamar ta motsa ƙafa."

"Ruwa ne ya motsa ta."

Ya ce ai an yi bisimilla kafin harbi, kuma akwai malaman da suka ce hakan ya isa. Na ce malaman su zo da tukunyarsu. Na mayar wa Baba Ode abinsa.

Lahadi uku ana haka. A ta ukun Malam bai yi gardama ba, ya zauna a ƙofar ɗaki yana matsa gwiwa, tuwon ma kaɗan ya taɓa. Ƙafar nan ta fara ba shi wahala, na san ba zai daɗe yana iya bin bakin kogi ba. Na ce a raina sai ya ci naman nan, kuma yankakke zai ci.

Lahadi ta huɗu na yafa mayafi, na ɗauko kwandon wanke-wanke da gorar da nake tokare igiyar shanya. Lokacin na gama aurar da 'ya'ya, ba mai tambayata ina za ni sai shi.

"Hajiya, ina kuma za ki da kwando?"

"Zan je in ga abin da kuke yi."

A tashar Mokola direban danfo, motar hayarsu, ya yi ta mita da Yarbanci kafin ya yarda a ɗaura gorar a saman mota.

Kogin ya cika ya yi jawur, yana gudu da kututturen ayaba da takalman mutane. Muka tuɓe silifa muka bi gaɓa da ƙafa, Baba Ode a gaba, taɓo har idon sawu. Rabona da taka taɓo tun ina yarinya. Sanyinsa ya yi mini daɗi, amma ban bari sun gani ba.

Harbin farko na tsaya gefe, kallo na zo yi. Tsuntsuwar ta faɗa tsakiyar ruwa, ruwa ya ɗauke ta. Sai ga tsofaffi biyu suna gudu a gaɓa, ɗaya da bindiga mai hayaƙi, ɗaya da wuƙa yana ɗingishi, babbar riga na tashi. Na toshe baki da mayafi na yi dariya har da hawaye. Kafin su kai gare ta, ta daɗe da mutuwa.

Su tsuntsu suke kallo, ni ruwa na tsaya na kalla. Can ƙasa akwai wata kwana a gindin gora. Duk abin da kogin ya ɗauko sai ya kai shi wurin, ya juya shi sau biyu dab da gaɓa, sannan ya wuce da shi.

Na ce, "Malam, mai wuƙa me yake yi a gefen mai bindiga? Taho mu tsaya inda ruwa zai kawo mana."

Baba Ode ya dubi kwanar, ya dube ni, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Iya, ke ne oga yau. Oya, ku tafi."

Na ɗaure kwando a kan gorar. Muka daɗe a tsaye, cinnaka na cizonmu, Malam yana ba ni labarin fadamarsu da na ji sau ɗari. Sai muka ji ƙarar bindiga. Jim kaɗan ga ta nan ruwa ya ɗauko, fiffike ɗaya yana bugawa. Na miƙa kwando na kuskure. Da ta juyo na shiga ruwa har gwiwa, na ji yana jan ƙafata, sai Malam ya cafke ni a damtse. Tun da aka kai ni gidansa bai taɓa riƙe ni a waje ba.

"Na riƙe ki, miƙa."

Na miƙa, ta faɗa ciki, na jawo. Zuciyarta na bugawa a tafin hannuna. Mace ba ta yanka, na ba shi. Ya fuskanci gabas ya yi bisimilla, jini ya yi tsartuwa har gaban farar rigarsa.

"Kin gani?"

"Na gani."

Da yamma na yi farfesunta da daddawa da citta da masoro, ban sa tumatir ba. Ya zauna a tabarma da rigar nan mai jini, ya ƙi cirewa, duk wanda ya yi sallama sai ya fita ya nuna masa. Ya cinye, ya tsotse ƙashi, ya bar mini wuya da fiffike. Naman da tauri, ga ƙarnin kifi, ban dai gaya masa ba. Damina biyu muka ƙara yi muna zuwa mu uku, kafin ƙafar ta zaunar da shi.