Lungun Bayan Tankin Ruwa

Shekara ashirin da takwas Baba Mai Usur ya yi a farfajiyar masana'antar sabulu, yana shigar da manyan motoci yana fitar da su. Ya kama aikin tun ana rubuta lambar mota da alƙalamin tawada, kuma har yau rigarsa ba ta rabuwa da guga. Farfajiyar matsattsiya ce: sikeli ɗaya, wurin lodi ɗaya, siririyar hanya a tsakani. Usur biyu, shigo. Usur ɗaya, tsaya.

Da aka kawo wata injiniya ta rubuta littafin bayanin sabuwar manhaja, wadda za ta riƙa ba motoci hanya da fitila, Baba bai saki jiki ba. Fitila irin wannan ce ta mayar da mai gadin ƙofar baya gida. Kwana uku tana binsa da tambayoyi. Ya amsa mata komai daidai, sai abu ɗaya da ya haɗiye.

Rana ta huɗu ta kira shi ofis. A fuskar kwamfuta ga da'irori da layuka, ga baƙaƙen ɗigo suna tafiya kamar tururuwa.

"Baba, wannan sikeli ne, wannan wurin lodi. Kowane ɗigo mota ce. Ba ya motsawa sai gabansa ya zama fili."

"To ni ina nake?"

"Kai ne ƙa'idar da suke bi."

"Ƙa'ida ba ta da iyali, 'yata."

Ɗigon suka yi ta zagayawa, sai suka ƙame. Na kan sikeli yana jiran wurin lodi, na wurin lodi yana jiran sikeli.

"Sau goma ina gwadawa, nan suke cijewa," in ji ta. "Amma direbobi sun ce ba su taɓa maƙalewa ba. Ko zanena ya yi ƙarya, ko wani tsoho ya yi mini rowa."

Baba ya dubi silin. Abin da ya ɓoye shi ne lungun bayan tankin ruwa, wanda babu shi a taswirar ginin. In motoci suka yi kicibis, can yake tura ɗaya da baya. In ya faɗa, ya miƙa makullin aikinsa. In ya yi shiru, ranar da aka kunna fitilar direbobin da ke ce masa Baba su ne za su gasu a rana.

"Ɗauko takalminki," ya ce.

Ya kai ta bayan tankin, ta auna lungun da tef. Tazarar taku biyu ce tsakanin mota da tanki, ga kwana, madubi ba ya hango komai.

"Wa ke nuna wa direba hanya a nan?"

"Aljani," in ji Baba.

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ta koma kan kwamfuta ta ƙara da'ira ɗaya a madadin lungun, ɗigon suka ci gaba da tafiya. A ƙarƙashinta ta rubuta cewa mota ba za ta shiga lungun ba sai da mutum a tsaye yana ba da alama.

Baba ya sa tabarau, ya karanta sau biyu.

"Mutum kika ce. Ba ki ce wane mutum ba."

Ta gyara: mai usur.

Ya sa ta buga masa a takarda, ya ninke ya zura a aljihu. Da aka tashi aiki bai rataye usur ɗin a ƙusar ofis ba kamar kullum. Gida ya tafi da abinsa.