Rabon ungozomar da ban kai wa Tasalla ba

Ranar Alhamis, sha biyu ga watan Safar na shekarar 1378, ina tsakar gida ina tankaɗe bayan azahar, mai tallan nono ta shigo, ko ƙwaryarta ba ta sauke ba ta ce ruwa ya ci Tasalla. Na ce wace Tasallar? Ta ce ta mishan, matar Haladu. Na ce ba ita ba ce, jiya ta zauna a kan turmin nan. Sai da ta faɗa sau uku sannan na ji bakina yana cewa daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Tasalla, wai kin je wata ruga a hanyar Gwiwa tun da safe, kin karɓi haihuwa, uwa da ɗa lafiya. A dawowa kika tarar rafi ya kawo, kika ɗaure zane kika shiga kamar yadda kika saba shiga shekara da shekaru. Da la'asar makiyaya suka tsamo ki, jakar kayan aikinki tana rataye a wuyanki. Yau kwana shida, Tasalla, har yanzu in na ji sallamar mace a zaure sai na ɗaga kai.

Ga wanda bai san ki ba: 'yar Maguzawa ce ke daga wani ƙauye a yammacin Roni. Kin shiga addinin Almasihu kina budurwa, kika koyi aikin ungozoma a gidan maganin mishan. Ni kuwa matar malami ce, magatakardan hakimi, tun ina shekara biyar ake tsare ni a kan allo. Addininmu ba ɗaya ba, ke ba ki taɓa ja na zuwa naki ba, ni ma na san iyakata. Amma shekara goma sha huɗu muna gaisawa, kuma ban ga wanda ya kai ki rashin ɗaukar kai ba.

Na tuna shekarar da gyambo ya kama ƙafar tsohon nan mai gadin kasuwa, har ɗiyansa suka koma miƙa masa tuwo daga bakin ƙofa saboda wari. Ke kika riƙa zuwa kowace safiya, ki durƙusa, ki ɗora ƙafar a cinyarki ki wanke. Da ya warke ya bi gari yana cewa sassaƙen wani mai magani ne ya yi masa aiki. Aka kawo miki maganar don a ji ta bakinki, kika ce to, ƙafar dai ta taka ƙasa ko? Na tuna yadda yara ke bin ki da waƙar tsokana, ki tsaya ki gyara musu inda suka ɓata amshi. In kin shigo gidan manya aka shimfiɗa wa kowa tabarma aka manta da ke, sai ki nemi gefen turmi ki zauna, fuskarki a sake. Da farko na ɗauka tsoro ne irin na talaka. Daga baya na gane ba tsoro ba ne, don na ga ranar da kika dubi wani dagaci ido cikin ido kika ce matarsa ba za ta koma surfe ba sai ta yi arba'in, kuma bai musa ba.

Amma ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Akwai haƙƙinki a kaina.

Shekara tara ke nan, 'yata Mas'uda ta zo gida haihuwar fari. Naƙuda ta kama ta tun hantsi. Adda, ungozomar gidanmu tun zamanin uwar mijina, ta yi iya yinta, aka sha rubutu, aka yi turare, har rana ta karkata. Sai Adda ta fito ta ja ni gefe ta ce ɗan a gicciye yake, mu fara addu'a. Mas'uda ta daina ko nishi. Na aika a kira ki, amma na ce ki biyo ta ƙofar baya, wadda ake fitar da toka, don kada mutanen zaure su ga an shigo da 'yar mishan gidan malam. A lokacin ana yawan kai ƙarar ma'aikata wurin manya a kan abin da bai kai wannan ba, ina jin tsoron a ce gidan magatakarda ya bar rubutu ya koma wa mishan.

Ta nan kika shigo. Kika sa aka dafa ruwa, kika wanke hannu har gwiwa, kika juya ɗan a cikin uwarsa ina riƙe da kanta. Kafin la'asar sakaliya jikata Ma'u ta faɗo tana tsala kuka. Ke kika yanke cibi. Kika wanke tsummokaran da kanki, kika fita ta inda kika shigo.

Ranar suna aka yanka rago. A al'adar gidanmu kai da ƙafafu rabon ungozoma ne, a gaban mata ake miƙa mata, da zane da goro, don kowa ya san hannun da ya karɓi haihuwa. Kina nan a cikin taron, can baya wajen masu wanke-wanke. Ni da hannuna na ɗauki kan ragon, na wuce ki, na ajiye a gaban Adda. Mata suka yi guɗa. Adda ta sunkuyar da kai, Allah ya jiƙanta, ba ita ta nema ba. Na waiga na gan ki kina cuɗa tukunya.

Sau ɗaya na taɓa gwada buɗe maganar, bayan shekara biyu. Na ce, "Tasalla, kan ragon nan na sunan Ma'u..."

Kika yi dariya kika ce, "Uwar Mas'uda, haƙora nawa suka rage mini da zan gwagwiyi kan rago? Gara da kika ba Adda, ita nata sun fi nawa ƙwari."

Na ce ba naman nake nufi ba.

Kika ce, "Na sani. Ai wanda ya yi hannun nan yana kallo sa'ad da yake aiki. Mu an koya mana Ubangijinmu ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa. In darajata tana wurinsa, guɗar mata me za ta ƙara mini?"

Na yi dariyar haƙoran tare da ke, na ji sanyi a raina, na bar maganar a nan. Ban ce ki yafe mini ba. Na ɗauki barkwancinki na mai da shi yafiya don ya fi mini sauƙi, alhali na san karatu, na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya furta. Ranar Larabar nan da kika zauna a kan turmi na ce ki biyo jibi ina da magana. Kika ce in Allah ya kai mu.

Shekaranjiya na roƙi Malam izini na je gidanki gaisuwa. Na tarar da Fulani da Maguzawa da matan gari cike da tsakar gida, kowa da ɗan da kika karɓa. Na durƙusa gaban Haladu na faɗa masa komai, na ce tunda ke ba kya nan, shi ya yafe mini a madadinki. Ya dube ni ya ce, "Inna, wace haihuwa? Ranar ce mini ta yi ruwan zafi ta je dafa muku."

Ko mijinki ba ki gaya wa ba. Shekara tara. Na miƙe.

Da zan fita ya ce, "Abin da ba ta riƙe ba, ni me zan yafe? Amma in maganar gaskiya ce, ki faɗe ta inda 'ya'yanta za su ji."

Adda ta rasu. Mas'uda ba ta cikin hayyacinta a ranar. In na yi shiru, ba sauran wanda ya sani a bayan ƙasa. Na dawo na gaya wa Malam abin da na ɓoye masa, har da ƙofar toka. Na zaci faɗa zai biyo baya, sai ya tura mini tawada ya ce, "Rubuta, a karanta a zaure."

To, ni Rahamatu, matar magatakarda, na shaida a gaban Allah da mutanen Roni: Tasalla matar Haladu ce ta karɓi haihuwar jikata Ma'u, ita Allah ya sa ta zama sanadin rayuwar 'yata, kuma ni na hana ta rabonta saboda tsoron bakin mutane.

Game da addu'a, ba zan ƙetare abin da aka koya mini ba, ke ma ba za ki so in yi miki ƙarya ba. Na bar ki a hannun wanda ya halicce mu duka, mai rahamar da ta fi ƙarfin sanina, wanda ba ya tauye wa kowa aikinsa. Ni kuma Allah ya gafarta mini. Haladu, da 'ya'yanku Daudu da Dela, da sauran dangi da jama'arku, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari, ya sa ku gaji halinta.