Ranar da Na Karanta wa Baba Wake

Baba bai taɓa dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa ita daga farko har ƙarshe ba. Ko ta gona ce, ko ta asibiti, sai ya zaunar da ni a gabansa. Ni ne mai karatun gidan tunda ni ne malamin lakol, wato makarantar boko, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kan haka.

Akwai wani wake da ya gada wurin mahaifinsa a Gangara, fari mai baƙin ido, wanda ƙuduji ba ya iya masa. Ƙuduji shi ne tsiron nan da ke manne wa saiwa ya shanye shuka tana tsaye. Gonakin maƙwabta su yi jawur, tamu tana kore shar. Baba ba ya sayar da irin, ba ya kyauta da shi. A cikin toka yake ajiye shi, a tukunyar da yake liƙe wa baki da laka. Mutum ɗaya ya taɓa ɗibar wa tafi guda, ita ce autarmu, da ta tafi karatun ilimin tsirrai.

Shekara shida tana fama da wannan tafin wake a ɗakin bincike. Wata rana bayan girbi ta same ni a Gazawa da jaka cike da takardu, ta ce ta gano ƙwayar gadon da ke ba waken ƙarfi, har ta ƙirƙiro hanyar da za a gwada ganye a san ko yana ɗauke da ita. Takardar mallakar fasahar take nema. Sai dai ita da abokan aikinta ba za su miƙa komai ba sai da yardar mai iri a rubuce, kuma kwanakin da suka rage kafin wa'adin miƙawa ya cika ba su da yawa.

A hanyarmu ta zuwa Gangara ta yi mini bayanin ƙa'idar, ni kuwa baki buɗe. Wai idan kana son a kare maka abinka, sai ka tona shi duka. Kowane jerin ƙwayar gado da ya kai harafi goma, kowane jerin furotin da ya kai huɗu, dole a ba shi lamba, a faɗi halittar da aka samo shi, a jera haruffansa cikin tsarin da na'ura ke karantawa. Abin da ka bari a baya, ba a yarda ka cusa shi daga baya ba. Na ce, "Tabɗi! Mutumin da ke liƙe tukunya da laka za ki gaya wa haka?"

"Shi ya sa na biyo ta wurinka, Yaya," in ji ta.

Baba ya saurare ta a gindin bishiyar bedi har ta gama. Sannan ya nuna takardun da haɓa ya ce, "A karanta."

Takardar yardar shafi ɗaya ce, na karance ta nan da nan. Ya ce sauran fa? Na ce Baba, waɗannan ba magana ba ce, haruffa huɗu ne kawai ke ta maimaituwa har shafi bakwai. Ya ce ai su ne za a kai wa mutane, don haka su yake son ji. Ya tambayi auta layi nawa ne a kowane shafi, ya ciro carbinsa.

Na fara da hantsi, irin yadda muke kiransu a lakol: a, te, je, je, se, a, te. Da farko haushi nake ji, ƙaton mutum da furfura yana ta a-te-je kamar ɗan ajin farko. Can sai jikina ya yi sanyi. Waken da na ci da mai da yaji tun ban san kaina ba, ashe rubutu ne jere a cikinsa, harafi bayan harafi, ba wanda ya taɓa karanta shi a garinmu sai yau, kuma da bakina. Wallahi tsikar jikina ta tashi.

Amma maƙogwaro ba ya jin mamaki. Bayan azahar, a shafi na biyar, muryata ta dushe, na saci kallon Baba na ga idonsa a rufe. Na tsallake layi shida na ci gaba abina. Da na kai ƙasan shafin sai ya buɗe ido ya ɗaga carbin.

"Malam, shida sun rage a hannuna. Ina ka kai su?"

Kunya ta rufe ni. Auta ta dube ni kamar ta yi kuka, don ta san idan ya tashi daga tabarmar nan shi ke nan, shekara shida sun tafi. Da ƙyar ta ce, "Baba, can inda za mu miƙa takardun ma haka suke. In an bar wani abu, ba sa lissafa shi cikin abin da aka ba su."

"To ashe masu hankali ne," ya ce. "Koma farkon shafin."

Na koma, ban ƙara tsallake ko ɗigo ba. Ana gab da kiran la'asar na faɗi harafin ƙarshe. Baba ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji ƙarar fasa laka, ya fito da ƙwayar wake ɗaya a tafin hannunsa. Ya daɗe yana juya ta da yatsa.

"Duk abin da aka karanta, a cikin wannan yake?"

Auta ta ce wannan ɗan gutsure ne kawai. In duka rubutun da ke ciki za a karanta, shekaru za mu yi a gindin bedin nan ba mu gama ba.

Ya yi tasbihi a hankali, na ga idonsa ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba.

"Shekara arba'in ina ɓoyon abin nan," ya ce, "ashe ban san ko layi ɗaya na abin da nake ɓoyewa ba. Kawo tawadar, ɗiyata."